Baƙo a Tamanrasset: Tarihi da Darasi ga Masu Bi

Tamanrasset gari ne a kudancin ƙasar Aljeriya, a tsakiyar hamadar Sahara, a gindin duwatsun Ahaggar. Daga can zuwa Aljiyas, babban birnin ƙasar, tafiyar kusan kilomita 2,000 ce. Zuwa In Gezzam kuwa, a bakin iyakar Nijar, kimanin kilomita 400 ne. Wanda ya auna hanya zai tarar garin ya fi kusa da Kano a kan babban birnin ƙasarsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji Hausa a kasuwarsa, ko a gamu da mutumin Damagaram ko na Maraɗi yana leburanci a cikinsa.

Tarihin garin nan tarihin baƙi ne. A wasu zamanai an buɗe musu ƙofa, a wasu kuma an loda su a motoci an zubar a bakin iyaka. Akwai tambaya guda da ta shafi kowane mai bi: mene ne yake sa jama'ar wata ƙasa su yarda a yi dokar da za ta kare baƙo? Amsar da tarihin Tamanrasset ya bayar ita ce, mutane sukan saurara in an tuna musu da abin da su kansu suke girmamawa tun kaka da kakanni. Amma tarihin ya kuma nuna cewa kyakkyawar magana takan bushe da sauri in ba a mai da ita doka da aiki ba.

Garin da Baƙi Suka Gina

Ƙasar Ahaggar ta Abzinawa ce, waɗanda ake kira Kel Ahaggar. Makiyaya ne masu raƙuma da awaki, ƙasarsu kuwa ba ta ba da hatsin da zai ishe su. Don haka sukan haƙo gishiri a Amadghor, su ɗora wa raƙuma, su gangara kudu har Damargu a ƙasar Nijar ta yau, su musanya shi da gero. Ashe geron da manoman kudu suka noma shi ne ya daɗe yana riƙe da ran mutanen duwatsun nan. Masu noman 'yan lambunan da ke bakin ƙoramu kuwa, yawancinsu daga garuruwan Tidikelt da Tuwat na arewa suka zo. Akwai kuma bayi da aka kawo daga kudu ba da sonsu ba, wannan ma wani ɓangare ne na tarihin da bai kamata a ɓoye ba.

A shekarar 1905 Tamanrasset ƙauye ne mai bukkoki wajen ashirin. Faransawa suka kafa sansanin soja a wurin, gari ya fara girma. Bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962, gwamnati ta mai da shi hedkwatar lardi a 1974, kwalta kuma ta iso shi daga arewa a 1978. Hanyar nan ita ce aka shirya ta bi ta Arlit da Agadas da Damagaram da Kano har Legas. Ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa suka kwararo daga arewa, masu neman aiki kuma daga kudu. A ƙidayar 2008 mutanen garin sun haura 90,000. In aka bi asalin kowane gida, kaɗan ne za su ce kakanninsu ba baƙi ba ne.

Baƙon da Aka Shayar da Nono

A cikin baƙin farko akwai wani firist Bafaranshe, Charles de Foucauld, wanda ake faɗin sunansa Sharl da Fuko. An haife shi a 1858 a gidan masu arziki. Ya yi soja, ya yi rayuwar shashanci, ya rabu da bangaskiya. Da ya yi tafiya a Maroko a 1883 da 1884, ganin yadda Musulmi suke tsayawa gaban Allah da salla ya taɓa zuciyarsa, har ya komo ga Almasihu a 1886. Aka keɓe shi firist a 1901, ya zauna a Beni Abbes, inda ya fanshi wasu bayi, ya kuma rubuta wasiƙu masu zafi a kan yadda hukumar Faransa take ƙyale bauta. Gidansa a buɗe yake ga Kirista da Musulmi da Bayahude, burinsa shi ne kowa ya ɗauke shi ɗan'uwa.

A watan Agusta na 1905 ya sauka a Tamanrasset da iznin Musa ag Amastan, sarkin Kel Ahaggar. Gaskiya ce cewa tare da sojojin Faransa ya shigo ƙasar, kuma shi mutumin zamanin mulkin mallaka ne, da irin tunanin mutanen zamaninsa. Abzinawa suna da dalilin yi masa kallon tsoro. Duk da haka ya zauna a ɗan ƙuntataccen ɗaki, ya duƙufa koyon harshensu, ya tattara waƙoƙinsu da karin maganarsu, ya shirya babban ƙamus na Tamashek da Faransanci wanda aka buga cikin littafi huɗu bayan mutuwarsa.

A 1907 aka yi fari mai tsanani. Fada Sharl ya rarraba ɗan abincin da ya ajiye, har a farkon 1908 ya kwanta ciwo, ya ga kamar kwanansa ya ƙare. Sai maƙwabtansa, waɗanda su ma yunwa take ci, suka bi kewayen garin suna neman awakin da ke da sauran nono, suka tatso suka kawo masa. Da wannan ya tashi. Mutumin da ya zo don ya bayar, ga shi an ciyar da shi. Masu nazarin rayuwarsa sun ce daga nan ne zamansa da Abzinawa ya zama abuta ta gaske. Ba wanda ya karanta wa makiyayan nan wata doka. Al'adarsu da addininsu sun riga sun koya musu cewa ba a barin baƙo ya mutu a ƙofar gida.

An kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, lokacin da wasu mahara suka kewaye gidansa a cikin rikicin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bai bar taron sababbin masu bi ba. Amma daga baya ƙungiyoyin 'yan'uwa maza da mata suka tashi suna bin gurbinsa, har wasunsu suka zauna a Tamanrasset da kan dutsen Assekrem, inda ya gina wurin kaɗaita a 1911. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyai ran 15 ga Mayu 2022.

Fari, Yaƙi da Gudun Hijira

Bayan 'yancin kai, Aljeriya ta yi suna wajen karɓar 'yan gwagwarmaya na Afirka. Mutanenta ba su manta ba cewa a yaƙin neman 'yanci, daga 1954 zuwa 1962, dubban ɗaruruwansu sun fake a Tunisiya da Maroko. A 1969 aka yi babban bikin al'adun Afirka a Aljiyas, daga 1975 kuma ƙasar ta sauki 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara a Tinduf.

Tamanrasset ta ɗauki nata kason. Farin 1973 da na 1984 ya karkashe dabbobi a Mali da Nijar, Abzinawa da yawa suka haura arewa suka kafa bukkoki a gefen gari. A cikin samarin nan marasa aikin yi ne ƙungiyar mawaƙa ta Tinariwen ta samo asali wajen 1979. Da kuɗin man fetur ya faɗi a 1986, hukuma ta mai da dubbansu gida. Amma a garin nan dai aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu tsakanin gwamnatin Mali da 'yan tawayen Abzinawa ran 6 ga Janairu 1991. Tun daga lokacin ana iya ganin hali iri biyu: in ana cikin yalwa, baƙo ɗan'uwa ne, in kuma aljihu ya ƙone, shi ne na farko da ake nuna wa yatsa.

Matan Kance da 'Ya'yansu

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Motocinsu sun lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram, dab da iyakar Nijeriya, Tamanrasset kuma suka nufa. Hausawa ne. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku.

Ruwa ba ya tsami banza. Yankin Kance yana da yawan jama'a, gonaki sun ƙanƙance, abin da aka girbe ba ya kai wa wata damina. Labari kuwa ya bazu cewa mutanen Aljeriya masu sadaka ne, mace da yara sukan samu a bara abin da gona ba ta bayarwa. Wato alherin masu masauki ne ya jawo su. Amma wasu marasa tsoron Allah suka mai da abin kasuwanci, suna karɓar 'ya'yan mutane suna kai su bara.

A ƙarshen 2014 gwamnatocin biyu suka shirya mai da 'yan Nijar gida, aka fara jigila a watan Disamba, Tamanrasset ce kuma matattarar da ake tara su. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda ta sa direbobi bin ɓarauniyar hanya mai hatsari, har gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamba 2023. A nata ɓangaren, Aljeriya tana da dokar 2008 mai hukunta shiga ƙasa ba takarda. Ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1951 a kan 'yan gudun hijira, amma shekara da shekaru suka wuce ba ta yi dokar gida da ke bayyana yadda mai neman mafaka zai sami matsayi ba.

Shekarar 2017: Murya Biyu a Ƙasa Ɗaya

A watan Yuni na 2017, a daidai ranar tunawa da 'yan gudun hijira ta duniya, wani kira ya bazu a Twitter da Facebook cewa ba a son 'yan Afirka a Aljeriya. Aka zarge su da kawo cuta da sata da ƙwace aikin 'yan ƙasa. Nan da nan waɗansu 'yan Aljeriya suka tashi suka mai da martani: 'yan jarida, mawaƙa, ɗalibai da masu kare haƙƙin ɗan Adam.

Abin lura shi ne irin hujjar da suka kawo. Sun ce Aljeriya kanta a Afirka take, don haka mai zagin ɗan Afirka kansa yake zagi. Sun tuna wa jama'a da iyayensu da suka yi gudun hijira a lokacin yaƙi, da 'yan'uwansu masu zaman baƙunci a Faransa waɗanda suka sha wulakanci, da samarinsu masu shiga kwale-kwale su ƙetare teku ba takarda. Sun kuma lura cewa a cikin watan azumi ake wannan zagi, watan da ake shimfiɗa abincin buɗa-baki don kowane mai wucewa. Duk waɗannan abubuwa ne da ɗan Aljeriya yake alfahari da su. Ba a kawo masa wata baƙuwar koyarwa daga ƙetare ba, nasa aka nuna masa.

Maganar ta kai majalisa. Firayim Minista na lokacin, Abdelmadjid Tebboune, ya ce za a daidaita zaman 'yan'uwa 'yan Afirka, a ba su katin zama da zai ba su damar aiki, ya kuma ce taimakonsu wajibi ne na ɗan Adam. Ministan cikin gida ya yi maganar ƙidaya su. Dama kuwa masu gine-gine da masu gonaki suna bukatar ma'aikata.

Amma a watan Yuli, Ahmed Ouyahia, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya fito ya ce baƙin haure tushen laifi ne da ƙwayoyi. Ministan harkokin waje ya kira su barazana ga tsaron ƙasa. A watan Agusta aka sauke Tebboune, Ouyahia ya hau kujerarsa, maganar kati ta mutu. Aka shiga kame a biranen arewa, ana kawo mutane Tamanrasset a motocin safa, daga nan a kai su wani wuri a hamada mai nisan kilomita 15 daga Asamaka ta Nijar, su ƙarasa da ƙafa. A watan Yuni na 2018 kamfanin labarai na Associated Press ya ba da rahoto cewa an bar mutum fiye da 13,000 a hamada cikin wata 14, gwamnatin Aljeriya kuwa ta musanta cewa tana wulakanta su. A shekarar nan ɗaruruwan 'yan Aljeriya suka sa hannu a wata takardar kira cewa kowa baƙo ne a wani wuri, a daina korar jama'a a dunƙule. Kiran bai tsai da motocin ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum fiye da 31,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024.

Abin da Ya Sa Alkawarin Ya Faɗi

Dalili na farko shi ne tsoro, tsoron kuwa yana da tushe. Libiya ta wargaje a 2011, arewacin Mali ya faɗa hannun masu bindiga a 2012, a Janairu 2013 kuma aka kai hari ma'aikatar iskar gas ta In Amenas aka kashe mutane da yawa. Kuɗin mai ya sake faɗuwa a 2014, samari suna zaune ba aiki. Wanda yake so jama'a su goyi bayan baƙo, dole ya amsa waɗannan damuwoyi da gaskiya. Amsar kuwa tana nan: baƙon da aka rubuta sunansa, aka san inda yake kwana da inda yake aiki, ya fi sauƙin lura a kan wanda ke ɓuya. Tausayi da tsari ba abokan gaba ba ne. Haka kuma hana bara da 'ya'yan mutane abu ne da mai masauki da baƙon kirki za su yarda da shi baki ɗaya.

Dalili na biyu shi ne, alkawarin a bakin mutum guda ya tsaya. Ba a rubuta shi a doka ba, shi ya sa da aka canza shugaba ya bi iska. Maroko, maƙwabciyar Aljeriya, ta ba baƙi fiye da 20,000 takardun zama a shirin 2014, ta sake wani shirin a ƙarshen 2016. Can ma akwai kame da kora, amma wanda ya riƙe takarda a hannu yana da abin nunawa.

Dalili na uku shi ne ƙarancin masu magana. Muryar da ta tashi a 2017 ta intanet ce, ba ta sami ƙungiyoyi masu ƙarfi da za su riƙe ta shekara da shekaru ba. Ikkilisiya a Aljeriya 'yar ƙarama ce, dokar 2006 ta taƙaita ayyukan addinan da ba Musulunci ba, a ranar 1 ga Oktoba 2022 kuma aka rufe Caritas, ƙungiyar agajin Katolika, bisa umarnin hukuma. Abin da ya rage wa masu bi shi ne irin aikin Fada Sharl: ziyarar mai ciwo da ɗan kurkuku, sauraron wanda ya rasa kowa, da binne baƙon da ya mutu nesa da gida.

Abin da Kirista da Musulmi Suka Haɗu a Kai

Littafi Mai Tsarki cike yake da baƙi. A Farawa sura 18, Ibrahim ya ruga ya tarye matafiya uku da tsakar rana, ya yanka musu maraƙi, ashe Ubangiji ne ya ziyarce shi. A Littafin Firistoci 19:33-34 an umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo, aka kuma ba su dalili: su ma sun yi baƙunci a Masar. Hujjar nan ce dai 'yan Aljeriya suka yi amfani da ita a 2017. Yesu kansa ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri, a Matiyu sura 25 kuma ya sa kansa a matsayin baƙon da aka saukar ko aka ƙi.

Musulmi ma suna girmama Ibrahim da karamcinsa. Suna tuna yadda Najjashi, sarkin Habasha Kirista, ya ba Musulmin farko mafaka, da yadda mutanen Madina suka raba gidajensu da waɗanda suka yi hijira a 622. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin masu haƙƙi a zakka. Aljeriya kuma tana da nata gwarzo, Amir Abdulƙadir, wanda ya yaƙi Faransawa, amma a 1860 ya ɓoye dubban Kirista a Dimashƙu daga masu neman ransu. A kan irin wannan tushe ne Paparoma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dabi ran 4 ga Fabrairu 2019.

Darasi ga Ikkilisiya a Ƙasar Hausa

Kada mai karatu ya ɗauka laifin na Aljeriya ne kaɗai. A 1969 Gana ta kori baƙi, Hausawan zango da yawa suka rasa gida da dukiya. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi wajen miliyan biyu, Ganawa suka fi yawa a cikinsu. Wanda aka kora jiya shi ne ya yi kora yau. Alhali Bahaushe ya san darajar zango da ta maigida mai saukar fatake, shi ne kuma ya ce baƙo raɓa ne.

Saboda haka akwai abin yi. Na farko, in za a yi wa maƙwabci magana a kan baƙo, a fara da abin da aka yarda da shi tare, kamar tsoron Allah, haƙƙin maƙwabtaka da kunyar a ce wani ya kwana da yunwa a ƙofar gida. Gori da zagi ba su taɓa juya zuciya ba. Na biyu, a saurari tsoron mai masauki, kada a raina shi. Na uku, fasto da fada da liman da mai unguwa su je wurin hukuma tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su nemi a rubuta abin da aka amince a kai don kada ya mutu da sauyin shugaba. Na huɗu, a faɗa wa samari da mata gaskiyar hanyar hamada kafin su sayar da gona su hau mota, a kuma tarye waɗanda aka koro ba tare da yi musu dariya ba.

A ƙarshe, a tuna cewa baƙo ma yana da abin bayarwa, mai masauki kuma wata rana shi ne mabukaci. Geron Damargu ya ciyar da Ahaggar, nonon awakin Ahaggar ya ta da firist daga Faransa, hannuwan 'yan kudu kuma suna cikin waɗanda suka ɗora tubalin Tamanrasset ta yau. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ubangiji ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a hamada, ya ba shugabanni zuciyar adalci, ya kuma sa Ikkilisiyarsa ta zama zango ga kowane matafiyi. Amin.